Hannun Mai Jinya: Yadda Za Mu Kula da Mara Lafiya Ba Mu Ɗauki Cutarsa Ba

Kafin a buɗe akwati, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci.

Idan ciwo ya shigo gida, wa ke jinya? Mu ne mata. Mace ce ke kwashe amai, ta wanke fo, ta sauya shimfiɗa, daga nan ta juya ta dama kunu, ta ba jariri nono. Ko a asibiti aka kwantar da mutum, mace ce ke kwana a gefen gadonsa. To, a nan hatsarin yake. Ƙwayoyin cuta ido ba ya ganinsu, kuma yawancinsu hannu ne ke kai su daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa yaro ɗaya zai fara gudawa ran Litinin, kafin Juma'a ƙannensa biyu da uwar duk sun kwanta. Jinya ɗaya ta koma huɗu, kuɗin magani ma ya ninka.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. A shekarar 1847, a wani asibitin haihuwa na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, masu jego suna ta mutuwa da zazzabi. Wani likita mai suna Semmelweis ya lura cewa likitoci na fitowa daga wajen binciken gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda. Sai ya wajabta musu wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu, kusan mata 18 cikin 100 ne suka mutu. A watan Yuni suka koma kusan 2. Ba sabon magani aka kawo ba fa, hannu kawai aka wanke.

To, ya ake wankin? Da sabulu da ruwa mai zuba, ba a kwano ɗaya da kowa ke tsomawa ba. Wata ta zuba miki da buta. Ki cuɗa tafi da baya, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wankin ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 60, wato kusan minti guda. Ki bar hannun ya sha iska, kada ki goge da zanin da kike ɗaure da shi. In babu sabulu, toka ta fi ruwa zalla. Ki wanke kafin ki taɓa mara lafiya, abincinsa, maganinsa ko mikinsa. Ki sake wankewa bayan kin taɓa kashi, amai, jini, mugunya ko shimfiɗarsa.

Sai abin da ke fita daga jikinsa. Kada ki kwashe da hannu tsirara. Ki sa safar hannu, in babu ki zura hannunki cikin leda marar huji, in kin gama ki ƙone ta, ki kuma wanke hannun. Kashi da amai, har na jariri, a masai ake zuba su, ba a bayan ɗaki ko kusa da rijiya ba. Fo da ƙasan da aka ɓata a wanke da ruwan bilic. In mai ƙarfin kashi 3.5 ne, kamar Jik ko Hypo, kofi 1 na bilic a kofi 6 na ruwa. Wannan haɗin na wanke kaya ne, ba na sha ba, ba na wanke miki ba. A haɗa sabo kullum, a ajiye nesa da yara. Kofin mara lafiya da cokalinsa a ware masa. Tufafinsa a wanke daban, a shanya a rana.

Mai tari kuma, ya rufe bakinsa, a buɗe taga iska ta riƙa ratsawa, kada ƙananan yara su kwana ɗaki ɗaya da shi. Tarin da ya kai mako 2 a je a yi gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware, kuma wata 6 ake shan maganin ba fashi.

Allura da reza, kowa da tasa. Ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin jini. Ko a asibiti ko a kemis, ba rashin kunya ba ne ki ce, "Don Allah Malama, a buɗe sabuwa a gabana."

Inna unguwarzoma, wannan taki ce. Cibiya a yanke ta da sabuwar reza da wankakken hannu. Kada a shafa mata toka, kashin shanu ko man goge baki. Ta nan ciwon sarƙe haƙora ke shiga jikin jariri. Akwai man cibiya da ake kira kulohekzidin, ana samu a asibiti. A cibiya kaɗai ake shafa shi, kada ya kuskura ya shiga ido.

Akwai kuma inda jinyar gida ta ƙare. Gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, kwalara ce ake tsoro: a haɗa fakiti 1 na gishiri da sukari a lita 1 na tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti. Zazzabin da ya ƙi jin maganin maleriya, balle in jini ya fara fita ta hanci ko dasashi, yana iya zama Lassa. Ɓera ke kawo shi, amma yana kama mai jinya ta jini, fitsari da aman mara lafiya. Jaririn da cibiyarsa ta yi ja tana wari, ko ya ƙi kama nono, kada ya kwana a gida. Sai batun 'yan dubiya: a gaisa daga ƙofa, addu'a tana isa daga nan, kada a je da goyo.

Aikinmu na wannan makon ba shi da yawa. Kowace ta ajiye buta da sabulu a bakin masai, wata butar kuma kusa da madafa. Ta koya wa mutum biyu a gidanta wankin da za mu gwada yanzu. Zama mai zuwa za mu ji wa ta yi, da abin da ya ba ta wahala.

Ga buta, ga sabulu. Yaya shugaba, ke za ki fara mana, mu kuma mu ƙirga miki.