Maɓallin Wasiƙa da Manzon da Ba a Naɗa Ba

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Boɗinga da Shagari



An nemi mu yi magana a kan wani abu wanda ake ganin ƙarami ne, alhali kuwa yana jawo wa mutanenmu hasara. Ɗalibi zai buɗe shafin wata makaranta ko ma'aikata a intanet, ya ga sanarwar tallafin karatu ko gurbin aiki, a ƙarƙashinta an sa maɓalli na aikawa da takardu ta imel. Ya danna, shiru. Ko kuwa wata manhaja wadda bai taɓa gani ba ta buɗe, tana neman suna da kalmar sirri. Sai ya ce kwamfuta ta lalace, ko ya ɗora wa sabis laifi, ya bari sai ranar da ya shiga Sakkwato. Kafin kuɗin mota su samu, ranar rufewa ta wuce.

To, maɓallin nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rasa shi ne manzo.

Mu 'yan wannan yanki bai kamata sha'anin manzo ya zama mana baƙo ba. A Sifawa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga. A wancan zamani da takarda ake tafiyar da al'amura tsakanin shugabanni da garuruwa masu nisa. Amma komai kyan rubutun magatakarda, takarda ba ta tashi da ƙafarta. Sai an san wanda za a miƙa wa, ya ɗaura sirdi.

Haka abin yake a kwamfuta. Burauza, wato Chrome ko Firefox ko Edge, aikinta nuna shafi. A bayan maɓallin wasiƙa akwai wani ɗan umurni da ake kira mailto, wanda aka shigar cikin ƙa'idojin adireshin intanet tun 1994. Idan an danna, burauza takan tambayi na'ura: wace manhaja aka tsayar don ɗaukar wasiƙu? In an tsayar, sai ta miƙa mata adireshin, sabuwar takarda ta buɗe. In ba a tsayar ba, ko wadda aka tsayar ba a taɓa sa mata akwatin kowa ba, sai magana ta tsaya nan. Yawancinmu kuwa a cikin burauza muke karanta Gmail ko Yahoo, ba mu taɓa gaya wa na'urar haka ba. Ƙari a kan wannan, kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Mail ta Windows a ƙarshen 2024, ya maye gurbinta da sabuwar Outlook, don haka akwai kwamfutocin da har yanzu suke kiran manzon da ya riga ya ajiye aiki.

Gyaran bai wuce minti biyu ko uku ba. Za mu faɗi sunayen wuraren yadda suke a rubuce a na'ura, don kada a ɓata.

Na farko, mai Windows ya shiga Settings, ya zaɓi Apps, sannan Default apps. A Windows 10 zai ga layin Email, ya danna ya zaɓi manhajar da yake so. A Windows 11 sai ya rubuta MAILTO a akwatin nema na sama, ya yi zaɓinsa.

Na biyu, wanda yake karanta Gmail a Chrome ya buɗe akwatinsa, ya dubi ƙarshen layin adireshi ta dama. Zai ga 'yar alama mai kusurwa huɗu guda biyu a sarƙe. Ya danna ta, ya ba da izini. Daga nan ya koma Default apps ya ba Chrome aikin MAILTO. Mai Firefox kuma ya shiga Settings ɗinta, ya gangara zuwa Applications, ya nemi mailto, ya zaɓi abin da ya dace da shi.

Na uku, wayar hannu. A Android, in akwai manhajar wasiƙa fiye da ɗaya, wayar takan jera su ta tambaya: sau ɗaya ko kullum? Wanda ya zaɓi kullum ya naɗa manzo ke nan. Masu iPhone sun sami damar sauya tasu tun fitowar iOS 14 a 2020.

Idan na'urar ba taku ba ce, ko lokaci ya ƙure, akwai gajeriyar hanya: a danna maɓallin da ɓangaren dama na linzami, a kwafi adireshin, a buɗe akwatin imel a liƙa shi da hannu.

Yanzu sai mu juyo ga yayyenmu da suke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma da makarantu da asibitoci, inda mutum biyar ko shida suke tarayya a kwamfuta guda. A nan haɗarin ya fi girma, domin maɓallin yana iya yin aiki, amma da akwatin wani. Wanda ya fara zama ya sa adireshinsa ya tafi, ko ma an yi masa canjin wurin aiki. Na bayansa ya danna, ya haɗa takardun ofis ko na neman ƙarin girma, ya aika bai duba ba. Takarda ta fita da sunan wani, amsa kuma can za ta koma. Saboda haka kafin a aika kowace wasiƙa, a dubi layin da ke nuna daga wa ta fito, in an gama kuma a rufe akwati.

'Yan'uwa, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, da aikin malanta ya fara. Gadon da ya kamace mu ke nan. Duk wanda ya ji wannan bayani, to, bashi ya hau kansa. In mun koma gida hutu, kowannenmu ya zauna da ƙannensa masu shirin jarrabawar JAMB, da abokansa masu jiran kiran bautar ƙasa, ya sa su gyara da hannunsu yana kallo, sannan su gwada aika masa da wasiƙa ya ga ta iso. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma abin kunya ne ɗan Boɗinga ko ɗan Shagari ya rasa gurbi don bai sami wanda zai nuna masa wannan ba.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.