Jawabin Horon Sana'a: Rubutu da Adon Kek da Fondan, ga Matan Jega, Aliero da Maiyama

Ga cikakken jawabin malamar kek a zaman koyon sana'a na ɓangaren mata. Shugabannin mata na gundumomi, don Allah a tura wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Hajiya Shugabar Mata, iyayena mata, yayyena da ƙannena, assalamu alaikum wa rahmatullah. Waɗanda sunka taso daga Maiyama da Aliero tun da safe, sannunku da hanya, Allah ya saka da alheri.

Maganata yau guda ɗaya ce. Gasa kek kowa na iyawa, da yawanku ma kun fi ni iya na Sallah. Amma kuɗin sana'ar nan yana ga lulluɓi da rubutun da ke bisa kai. Shi ne ke sa matar da za ta aurar da ɗiyarta a Jega ta aika Birnin Kebbi ko Sakkwato a yo mata kek, ta biya kuɗin mota, ga ku zaune a unguwarsu. Kuma kasuwa na nan: ga biki, ga suna, ga walimar sauka, ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da na kwalejin kiwon lafiya ta Jega masu bikin gama karatu. Wannan kuɗin nake so ya tsaya hannunku.

Mu fara da fondan ɗin kansa, wato ƙullin sukarin nan mai laushi da ake murzawa a lulluɓe kek da shi. Ki jiƙa jelatin babban cokali 1 cikin ruwa kwatan kofi. In ya kumbura ki ɗora kwanon bisa ruwan zafi ya narke, kada ya tafasa. Ki zuba gilukos rabin kofi, gilisarin cokali 1, farin man gashi cokali 2. Sai ki juye cikin aisin suga da kinka tankaɗe, wajen kilo 1, ki yi ta cuɗawa har ya daina kama hannu. Ki naɗe shi cikin leda ya kwana, washegari ya fi daɗin aiki.

A nan akwai amana. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yin shi, wani na saniya ne, wani na kifi, wani kuma na alade. Ku karanta jikin kwalin. In ba a rubuta halal ko an faɗi dabbar ba, ku aje shi. Haka kalar abinci: a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Cikin yaran mutane abin nan zai shiga.

To, sai yanayin garinmu, don masu koyarwa a bidiyon waya ba su san zafin Kebbi ba. Da bazara, watan Maris zuwa Mayu, zafi na wuce digiri 40, bota kuwa tun wajen digiri 35 ta narke. In kinka shafe kek da kirim ɗin bota zalla sannan kinka lulluɓe, kirim ɗin zai narke ta ƙasa, fondan ya zame. Ki haɗa da farin man gashi, shafin ya zama siriri, kuma ki yi aikin da asuba ko bayan isha'i. Da damina fondan na shan danshin iska, ya yi ta kama hannu. Ki barbaɗa kwan fulawa kaɗan bisa tebur, ki ƙara ɗan garin CMC ga wanda za ki yi fure ko haruffa da shi. Da hunturu kuma bushewa yake yi nan da nan ya tsattsage, sai ki shafa mai a tafin hannu, ki rufe duk wanda ba ki aiki da shi.

Sannan ku ji wannan da kyau: kek ɗin da anka lulluɓe da fondan ba ya son firiji, balle da wutarmu ta zo ta tafi. Yana fitowa daga sanyi zuwa zafi zai yi gumi, kala ta zubo, rubutu ya dame. Kwali, inuwa da fanka sun ishe shi.

Wajen murzawa, kauri kada ya wuce milimita 3 zuwa 4. Ga lissafin faɗi: faɗin kek, ki ƙara tsayinsa sau biyu. Kek mai faɗin inci 8 da tsayin inci 4 yana son inci 16, ki ƙara ɗan rara. In iska ta shiga ta yi ƙulu, ki huda da allura mai tsabta ki shafe.

Yanzu rubutu, wanda shi ne fuskar aikinki. Abu na farko, mai oda ta rubuto miki sunan da hannunta a waya, kada ki dogara da abin da kinka ji da kunne. Wata Aisha take rubutawa, wata A'ishatu, wani Muhammad, wani Muhammadu. Harafi ɗaya in ya kauce, a gaban taro za a gani, kuma da wayoyi za a ɗauka. Na biyu, ki fara rubutawa bisa takarda mai faɗin kek ɗin, ki nemo harafin tsakiya, daga shi ki fara jerawa hagu da dama. Haka ne rubutu ba ya ƙare miki a baki.

Hanya uku ake bi. Ko ki yanke haruffa da abin yankan haruffa, ki bar su su sha iska, ki manna da ɗigon ruwa. Ko ki yi zane mara zurfi da tsinken sakace, ki bi bisa da aisin ɗin farin ƙwai cikin ledar matsawa. Ko ki yi fenti da siririn buroshi da kala mai kauri; wannan sai fondan ya kwana ya ɗan yi tauri. A bidiyo za ku ga Turawa na sirka kalar zinariya da giya don ta bushe da wuri. Mu ba ruwanmu da wannan, ɗigon ruwan lemun tsami ya isa, sai dai ki yi haƙurin bushewa. Baƙi da ja kuma a haɗa su tun jiya, don kala na ƙara kamawa in ta kwana. In kinka yi ta tuttula ta, fondan ya saki, ɗanɗano ya yi ɗaci.

Ga wani abu da ya shafe mu Hausawa. Abin yankan haruffan da ake shigowa da shi ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Ki yanke k ko d ko b, ki murza ɗan siririn fondan ki lanƙwasa masa ƙugiya. Bambancin "ɗa" da "da" ke nan, bambancin "ƙarin shekara" da rubutun da ba shi da ma'ana. Shawarata kuma, a bar rubuta aya ko sunan Allah bisa kek, ko na walimar sauka ne. Wuƙa za a sa masa, saura kuma a zubar. "Barka da sauka" da sunan yaro sun wadatar.

Lokacin siyasa oda za ta zo da tutar jam'iyya da hoton ɗan takara. Hoton da anka buga a shagon kwamfuta tawadarsa ba ta ci ba ce, kada ya taɓa kek. A manna shi bisa tsinke a soka. Kuma Hajiya Shugaba ki gafarce ni, zan faɗa a gabanki: ko kek ɗin taronmu ne, a ba da kafin alƙalamin da zai sayi kaya kafin ki kunna wuta. "Za a ba ki bayan taro" ta karya jarin mata da yawa. Ki rubuta kuɗin fulawa, ƙwai, suga, gas ko gawayi, kwali, kuɗin mota, sannan ladan hannunki. Wadda ba ta sa ladan hannunta ba, kyauta take yi ba sana'a ba.

Kai kaya ma aiki ne. Daga Jega zuwa Maiyama ko Aliero, kwalin ya zauna a shimfiɗe ƙasan mota, ba bisa cinya ba, ba kusa da taga mai rana ba. Mai hawa biyu kada a ɗora shi bisa mashin.

Daga ƙarshe, waɗanda Allah ya sa za su samu kayan tallafi, ina roƙonku kada mu gan su kasuwa. Ku haɗu uku-uku ko biyar-biyar a gunduma, ku sayo gilukos da kala a tare ku raba, don ɗaya-ɗaya ya fi tsada. Kafin zama na gaba, kowacce ta kifa kwanon silba, ta lulluɓe shi da fondan, ta rubuta sunan ɗiyarta, ta ɗauki hoto ta tura wa shugabar gundumarta. Fondan ɗin ana ɓare shi a sake cuɗawa, ba a yi asara ba.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya rufa mana asiri, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.