Jawabin Mako: Da Me Muke Kora Abinci?



Maganarmu ta yau ta cikin gida ce: abin da muke kora abinci da shi. Da yawanku kun ga wani saƙo da ke yawo a waya, wai shan ruwa ana cikin cin abinci yana hana shi narkewa, wai ruwan sanyi yana daskarar da mai a ciki har ya zama cuta. Har ta kai wata uwar tana ƙwace kofi daga hannun yaro tana cewa sai ya gama. To ku ba ni aron kunnuwanku, domin abin da ake tsoratar da mu a kansa ba shi da wata illa, wanda kuma yake cin mu a hankali ba a cika maganarsa ba.

Mu fara da ruwa. Cikin mutum shi kansa ma'aikatar ruwa ce. A rana ɗaya baki yana samar da yawu kimanin lita 1 zuwa 1 da rabi, ciki kuma yana fitar da ruwan narkar da abinci da ya kai lita 1 da rabi ko fiye. Wannan ruwan mai tsami ne sosai, kuma ciki yana auna shi daidai da abin da ya shigo. In ya ga da buƙatar ƙari sai ya ƙara. Kofi ɗaya ko biyu na ruwa ba su isa su kashe masa ƙarfi ba. Ruwan ma ba ya daɗewa, yakan wuce hanji da wuri, ya bar tuwo ko shinkafa suna nan ana sarrafa su na tsawon awa 2 zuwa 4. Ku ma duba: miyar kuka ruwa ce, kunu ruwa ne, fate ruwa ne. Da ruwa yana hana narkewa, da tuni mun ji a jikinmu.

Ruwan sanyi kuwa, zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Kafin ruwan ya jima a ciki ya ɗauki ɗumin jiki. Babu wani mai da yake daskarewa ya manne a hanji. Wadda sanyi ke tayar mata da ciwon haƙori ko maƙogwaro ta sha na randa, shi ke nan.

Hasali ma ruwa taimako yake. Yana tausasa loma ta wuce lafiya, musamman ga tsofaffinmu da yawunsu ya ragu, ko in ana cin abu busasshe kamar dambu, burabusko ko ƙuli-ƙuli. Yana rage taurin bayan gida. Wadda kuma take son rage ƙiba, ta sha kofi ɗaya ko biyu kamar rabin awa kafin ta zauna ci, yakan taimaka mata ta ƙoshi da wuri.

Sai dai akwai waɗanda za su lura. Mai fama da ƙwannafi, da mai tsohon ciki, kada su ɗura ruwa da yawa a kan abinci lokaci guda, domin ciki in ya cika maƙil sai tsamin ya taso sama. Su riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kuma kada su kwanta sai bayan awa 2 zuwa 3 da cin abinci. Haka lokacin buɗa baki: in aka fara da kofi uku na ruwan sanyi, ga kunu, ga zoɓo, kumburin ciki ne zai biyo baya. Yaro ƙarami cikinsa ɗan mitsitsi ne. In ya cika shi da ruwa ko lemo kafin ci, loma uku zai yi ya ture kwano. A ba shi abinci tukun, ruwa na gefe in ya nema. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade mata ruwan da za ta sha, ta tsaya a kan maganar likita. Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki kuma yake ƙwarewa in ya sha ruwa, a kai shi asibiti a duba haɗiyarsa, kada a yi wasa da wannan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: shayi. Mu da shayi sai Allah. Da safe shi, da dare shi, wata ma da shi take kora wake da shinkafa. A cikin ganyen shayi akwai wani sinadari da ke sa shi ɗan bauri a baki. In ya haɗu da abinci a ciki, sai ya kama sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya ke ce wa ayon, ya hana jiki tsotse shi. Da wannan ƙarfen jiki yake gina jini. Shayi mai kauri a kan abinci yana iya rage abin da jiki zai samu da rabi ko ma fiye. Kofi ma haka yake yi. Ƙarfen da ya fi shafa kuwa shi ne na tsirrai: wake, gero, dawa, alayyahu, zogale, wato abincinmu na yau da kullum. Na nama da kifi bai cika taɓuwa ba, to amma sau nawa nama yake shiga tukunyar talaka a mako?

Ku ji dalilin da ya sa na tsaya a nan. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa kashi 68. Wato in mata goma suka zauna a taron suna, kusan shida jininsu bai cika ba. Ita ce wadda kullum take cikin kasala, jiri, haki in ta ɗan yi tafiya, tafin hannu da cikin ido sun yi fari. Mace mai ƙarancin jini in ta zo haihuwa ta zubar da jini, ba ta da ajiyar da za ta jure. Shayi ba shi kaɗai ke kawo wannan ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa-kusa da rashin wadataccen abinci. Amma shi gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Ban ce ku daina shan shayi ba, Hajiya kada ki ɓata rai. A raba shi da abinci ne kawai: ki ci, ki bari awa ɗaya ta wuce, sannan ki sha abinki. A kan abincin kuma ki kawo abin da ke taimaka wa ƙarfe shiga jiki, wato mai bitamin C: lemon zaƙi, gwaiba, ɗanyen tumatir, garin ɗiyan kuka, ko ki matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale ko wake. Masu juna biyu, ƙwayar ƙarin jini da ake ba ku a wurin awo, da ruwa zalla ake shan ta. Kada a kora ta da shayi, madara ko nono, domin suna rage mata aiki. Akwai ma wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ba sa jituwa da madara, don haka duk maganin da aka ba ki, ki tambaya: da me zan sha?

Sai lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin gram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Akwai lemon da robarsa ɗaya ta 50cl ta ƙunshi gram 50 ɗin gaba ɗaya. Ki juya robar ki karanta, a rubuce yake. Ga shi sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar wanda aka tauna, sai ki cinye farantin shinkafa ki ɗora masa lemo, jiki ya rasa inda zai kai. Daga nan ƙiba, ciwon suga da ruɓewar haƙoran yara suke samun ƙofa. Zoɓo da kunun aya namu na gida ma, in muka zabga musu sukari, duk kanwar ja ce. Mu rage hannu.

Jarirai kuma, daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla. Ko ana zafin bazara ba sa buƙatar ruwa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan da aka ɗura wa jariri yana cike gurbin nono, yana kuma iya kawo masa gudawa. Kakanni, wannan roƙon naku ne musamman, don mun san maganarku ake ji a ɗakin maijego.

Na ƙarshe, kuma babba: tsabtar ruwan. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 3,000, kuma jihohin Bauchi, Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ruwan da ba ki yarda da shi ba, ki tafasa. Randa ta kasance a rufe, da moɗarta guda da ba a sha da ita. A wanke hannu da sabulu ana zubawa daga buta, a daina tsoma hannu goma a kwano ɗaya.

Shugabannin mazaɓu, don Allah ku kai wannan magana ga matan da ba su da waya, a wurin adashi, suna da biki. Ku ce musu: ruwa mai tsabta a sha da abinci babu komai, shayi ya jira awa ɗaya, lemo ya zama na lokaci-lokaci, jariri kuma nono ya ishe shi. Mai tambaya ta turo wa shugabarta, za mu tattara mu amsa a jawabi na gaba in Allah Ya kai mu.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.