Man Shafawa da Dokar Hukuma

Makon jiya mun yi magana a kan ruwan sha. Yau kuwa za mu yi zancen man shafawa, da dokar da Hukuma ta kafa a kansa, da yadda ta shafi masu yi da masu sayarwa da ku masu saye.

Kwanan baya wata mace ta zo mana ɗakin magani daga wajen Sabon Tasha, wuƙa ta yanke ta a hannu. Ciwon ba wani babba ba ne, amma da muka zo ɗinki sai fatar ta riƙa yagewa kamar tsohon tsumma. Na ce, "Uwargida, wane mai kike shafawa?" Ta fito da wata 'yar roba wadda ba suna, ba lamba. Ta ce haɗi ne, shekara uku ke nan tana saye wurin wata maƙwabciyarta, har ɗiyarta ta goye ma tana shafa mata. To, ba domin a yi mata dariya na faɗi wannan ba, gama ba ta san abin da ke ciki ba.

Abu uku ne akan zuba cikin man bilicin. Na fari shi ne zaiba. Ita zaiba takan ratsa fata ta shiga jini, ta lalata ƙoda, ta kawo makyarkyata da mantuwa. In mace tana da ciki ko tana ba da mama, takan kai ga jariri. Na biyu shi ne maganin da likitoci ke kira sitiroyid. Magani ne na gaske, amma na 'yan kwanaki ne, bisa ga umurnin likita. In aka daɗe ana shafa shi sai fata ta yi sirara, nanƙarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu ƙofa, har yakan jawo hawan jini da ciwon sukari. Shi ne irin abin da ke hana fata riƙe zare. Na uku shi ne haidirokwinon. Da fari yakan haska fata, amma in an jima sai baƙin tabo ya fito a kumatu, wanda ke da wuyar fita ƙwarai.

Saboda haka ne hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 domin duba abinci da magani da kayan shafa, ta sabunta dokarta a 2019. Dokar ta hana zaiba da sitiroyid cikin man kwalliya, haidirokwinon kuwa kada ya wuce kashi 2 cikin 100. A 2023 kuma, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta yi shela cewa bilicin ya zama babbar matsalar lafiya ga ƙasa duka.

Ba mu kaɗai ba ne. Ƙasar Kwaddibuwa ta hana irin wannan mai a 2015, Gana ta hana haidirokwinon a 2016. A wani gari na Japan mai suna Minamata, a 1956 aka gane wata muguwar cuta da ta kama mutane domin sun ci kifin da zaibar wata masana'anta ta gurɓata. Da sunan garin nan ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a 2013, Nijeriya na ciki. A 2023 suka ƙara yarda cewa 2025 ce iyakar yin kayan kwalliya mai zaiba, kome ƙanƙantarta.

To, yaya wannan ya shafi masu kamfani? Duk mai yin man shafawa, ko mai shigo da shi daga waje, tilas ya kai kayansa a gwada, a yi masa rajista, a ba shi lamba. Tilas kuma ya rubuta a jikin kwalbar abin da ya zuba, da sunansa, da inda yake, da ranar da kayan zai lalace. Wanda mansa ke da abin da aka hana, sai ya sake haɗi ko ya bar sana'ar. In an kama kayan a kanti, akan kwashe a ƙone, mai shi ya yi hasarar jarinsa, watakila har ya je gaban shari'a. Gaskiya ne rajista tana cin kuɗi da lokaci, ƙananan masu sana'a kuwa suna kuka da haka. Amma mai kayan kirki shi ne da riba a ƙarshe, gama mai algus ba zai ƙara karya masa ciniki da araha ba.

Ku masu tireda a Kakuri da Barnawa da Narayi, kada ku sari kayan da ba lamba, kome ribarsa. Ku masu saye kuwa, ga abin da za ku kiyaye:

1. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ba ku iya karatu ba, ku ba ɗan makaranta ya karanta muku.
2. Kada ku sayi haɗin da aka ɗura a robar da ba rubutu.
3. Ku guji man da aka ce zai mai da mutum fari cikin mako guda.
4. Kada a shafa wa yaro ko ɗaya daga cikinsu. Man kaɗanya ya ishe shi.
5. Kada a sa wa jariri kwallin dutse, gama sau da yawa akwai dalma ciki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Wadda ta daɗe tana shafawa, kada ta ji kunya. Ta zo ɗakin magani da robar a hannunta. Mai sitiroyid in an bar shi farat ɗaya, fata takan yi ja da zafi, don haka gara likita ya nuna yadda za a janye sannu sannu. In abin ya fi ƙarfinmu, sai mu ba ta takarda zuwa babban asibiti, kamar na Gwamna Awan da ke Kakuri.

Baƙin fatar nan da kuke gani shi ke tare mana zafin rana. Ba datti ba ne da za a wanke. Araha dai ba ta ado, rigakafi kuma ya fi magani.

Mako mai zuwa za mu yi zancen zazzaɓin sauro. Sai mun sadu, ku huta lafiya.