Abin da ya kamata a dasa a ƙofar gida

Wani ma'aikacin gandun daji ya yi wa ƴan makarantar yaƙi da jahilci jawabi bisa dashen ƙofar gida. Ga abin da ya faɗa.

Bayan gaisuwa, ya ce ƙofar gida ba gona ba ce. Wuri ne ƙarami, taki huɗu ko biyar. Ruwa kuma daga rijiya mata ke ɗauko shi bisa kai. Saboda haka kafin mutum ya dasa icce, ya fara lissafin guga nawa zai sha a watan bazara. Wanda bai yi wannan lissafi ba, dashensa ba zai ga damina ta biyu ba.

Ya ce dogon yaro yana da inuwa, amma ya yi wa ƙaramin wuri girma. Saiwarsa tana tsaga katangar ƙasa. Aguwa kuwa tana shinge, sai dai da rani ganyenta zubewa yake yi.

Iccen da ya fi yabawa shi ne lalle. Lalle yana jure zafi. In yana samun ruwa kaɗan-kaɗan, ganyensa ba ya ƙarewa. Furensa ƙanana ne farare, da dare ƙamshinsu yana cika gida. Ba sai an sayi iri ba. A yanko reshe mai kaurin yatsa, mai tsawon kamu ɗaya, a kafa shi a ƙasa mai laima. Tsakanin wani da wani a bar rabin metir. In ya kai ƙirjin mutum a aske kansa, sai ya yi duhu ya zama shinge. Ganyen da aka aske ba asara ba ne: a shanya a inuwa, a daka, mata su yi ƙunshi, saura ya tafi kasuwa.

Na biyu lemun tsami. Shi ma ganyensa kore ne rani da damina, furensa da ƙamshi. Amma ya fi lalle shan ruwa, don haka gindi ɗaya ya isa. A gina rami rabin metir, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a nisanta shi da katanga kamar metir 2. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara.

Sai ya juya kan ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Ya ce ƙasa tsirara rana ce ke shanye ruwanta, iska kuma ta kwashe ta. A rufe ta da ɗaɗɗoya, wadda tsofaffi suka daɗe suna korar sauro da ita. Inda ake alwala kullum a sa na'ana'a, tana yaɗo, ga ta kusa in za a dafa shayi. Wurin da ruwa bai isa ba a shimfiɗa yayi ko kara. Ruwan sabulu kuwa kada a riƙa zuba shi a gindin dashe.

A nan ya ɗaga murya. Akwai wani icce mai jan fure da dogon ganye da ake gani a ƙofar ofisoshin birni, Faransawa na ce masa loriye-roz. Yana da kyau, ba ya kaɗe ganye, amma dafi ne tun daga ganye har itacensa. Yana kashe akuya, yana iya kashe yaro. Ko asuwaki kada a yi da shi. Ƴaƴan bini-da-zugu su ma suna sa yara amai da zawo mai tsanani. Duman kada yana rufe ƙasa da sauri, amma yana cutar da tumaki.

Wani dattijo ya tambaya yaushe za a dasa. Ya amsa, in damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe sosai. Ya tuna masu cewa tun 1975 ranar 3 ga watan Agusta ranar dashen itace ce a Nijar. Ya ce ranar da aka dasa, ranar za a kewaye da ƙaya, don awakin unguwa ba sa jiran gobe.