Gilashi, Kuza da Haƙuri: Darasi Ga Malaman Kimiyya

Jawabin da aka gabatar a taron reshe kan koyar da kimiyya a aikace



An nemi in yi magana a kan binciken da masana'antu ke yi wajen ƙera na'urorin kimiyya, musamman injunan da ake ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da su. Wani zai ce mene ne haɗin malamin aji da wannan? Ina roƙon a ba ni aron kunne, domin labarin nan da malami a tsakiyarsa.

Bari mu soma daga garin Delft na ƙasar Holan. A can aka yi wani mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek, wanda bai taɓa shiga jami'a ba. Ya koyi goge 'yan ƙananan gilasai masu ƙara girman abu, ya riƙa duba ɗigon ruwa da su. A shekarar 1676 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan cewa ya ga halittu masu rai suna iyo cikin ruwan da ido ke ganinsa garau. Halittun nan tun fil azal suna nan. Abin da ya sauya shi ne an sami na'urar ganinsu. Haka kimiyya take tafiya: inda kayan aiki suka tsaya, galibi nan sani yake tsayawa.

Bayan shekaru 170, a 1846, Carl Zeiss ya buɗe ɗan shagon ƙera na'urorin gani a garin Jena na Jamus. A zamanin, gwaji ake yi ta yi: a goge gilashi, a duba, in bai yi ba a sake. Zeiss ya gaji da lalube, sai a 1866 ya jawo wani malamin jami'ar garin, Ernst Abbe, ya ce a sa lissafi cikin sana'ar. A 1873 Abbe ya fitar da ƙa'idar da har gobe ake aiki da ita: komai kyawun gilashi, ba zai iya rarrabe abin da ya gaza kusan rabin tsawon zangon hasken da ake haska shi da shi ba. Ma'ana, in kana son ganin ƙaramin abu, ko zana shi, sai ka nemi haske mai gajeren zango. Ya kamata mu 'yan ƙungiya mu san wani abu kuma game da mutumin nan. Ɗan ma'aikacin masaƙa ne, ya ga irin wahalar da mahaifinsa ya sha, shi ya sa da kamfanin ya dawo hannunsa ya mayar da aiki awa takwas a yini a shekarar 1900.

Daga nan sai Amurka. A Disambar 1947 masu bincike a Bell Labs suka ƙirƙiro transisto, wato ɗan makunnin lantarki da ba shi da wani sashe mai motsi. A 1959, a wannan cibiya dai, Mohamed Atalla, haifaffen Port Said ta Masar, tare da Dawon Kahng ɗan Koriya, suka ƙera samfurin transisto da ya cika kusan kowace waya a yau. Wayar da ke aljihunku tana ɗauke da biliyoyinsa a kan ɗan falle na silikon da bai wuce farce ba. Shi kuwa silikon daga farin dutse da yashi ake tace shi.

To yaya ake jera biliyoyin makunni a kan farce? Da haske ake zana su, kamar yadda ake wanke hoto. Ana shafa wa fallen wani sinadari mai jin haske, a hasko masa zanen a ƙanƙance, a wanke, a sake wani hawa a kansa. A nan ƙa'idar Abbe ta sake tare hanya. An daɗe ana aiki da haske mai zangon nanomita 193. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi kuwa yakan kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Duk da haka sai da wannan haske ya yi wa zanen kauri.

Kamfanin ASML na Holan, wanda aka kafa a 1984 a wata rumfa kusa da ginin Philips a Eindhoven, shi ya kai ga mafita: haske mai zangon nanomita 13.5. Ga yadda ake samar da shi. Ana harbo ɗigon narkakkiyar kuza, ita dai kuzar da mutanen Jos da Bukuru suka san haƙarta, sau dubu hamsin a kowace daƙiƙa. Hasken leza na kamfanin Trumpf ya bugi kowane ɗigo yana tafe, ya mayar da shi tururi mai tsananin zafi, daga nan hasken ke fita. Wannan haske iska tana shanye shi, gilashi ma haka, don haka sai a zuƙe iskar cikin injin, a riƙa juya shi da madubai. Masu goge maduban su ne magadan Zeiss. Santsinsu ya kai a ce da za a faɗaɗa ɗaya ya yi girman ƙasar Jamus, tudun da ya fi kowane tsawo a kansa ba zai kai milimita guda ba.

Injin guda ya haura dala miliyan 150, kuma kamfanin nan kaɗai ke ƙera irinsa a duniya. An aika da samfurin gwaji na farko a 2006, amma sai 2019 kayan da aka yi da shi suka shiga kasuwa. A tsakani, a 2012, kamfanonin Intel da TSMC da Samsung, waɗanda kishiyoyin juna ne, suka zuba kuɗi don kada aikin ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau injin ya zama abin takaddamar manyan ƙasashe, har gwamnatin Holan ba ta ba da izinin sayar wa Sin da shi.

'Yan'uwana, ba na tsaya nan ne don in ce gobe za mu ƙera irin wannan inji ba. Abin da nake so mu riƙe shi ne, duk wannan gini a kan darussan da ke cikin manhajarmu aka ɗora shi: haske, madubi, awo, lissafi. Amma sau nawa muke zana gwaji a allo, ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya fita bai taɓa leƙa ɗigon ruwa ta na'ura ba? Gani ya kori ji. Yaron da bai taɓa auna abu da hannunsa ya ga awon ya saɓa ba, ya sake har ya daidaita, bai ɗanɗani kimiyya ba tukuna.

Saboda haka ina ba reshe shawara uku. Ta farko, kowace makaranta ta rubuto mana abin da ke ɗakin gwajinta, mai aiki da wanda ya lalace, domin in mun je gaban hukuma mu je da takarda. Ta biyu, mu sa ɗaukar masu kula da ɗakunan gwaji da horar da su cikin buƙatunmu, kafaɗa da kafaɗa da batun albashi da ƙarin girma, domin na'urar da ba mai gyara ta, ajiyar ƙura ce. Ta uku, makarantun da ke kusa da juna su riƙa aron kaya a tsakaninsu bisa tsari, kada na'ura ta kwana a kabad alhali yaran maƙwabta ba su taɓa ganinta ba.

Ku kuma iyaye da ke cikinmu, yaron da ke kwance rediyo ko tocila don ya ga cikinta, kada a yi saurin kiransa mai ɓarna. A ba shi wadda ta riga ta mutu, a tambaye shi abin da ya gani.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya albarkaci ɗalibanmu.