Baron da Ya Dace da Fadamarmu da Tudunmu

 

An nemi mu yi magana a kan sana'ar da malami ke riƙewa bayan an tashi makaranta, sai muka ɗauki abu guda daga kayan aikinta, wato baro. Wani zai ga kamar abin ya yi ƙanƙanta ga taro irin wannan. To, mu dubi inda muke zaune. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙara ƙarfi daga Goronyo har Wurno, mutanen Rabah kuma ga fadamun Gulbin Sakkwato a ƙofarsu. Da wuya a sami malami a cikinmu wanda ba shi da 'yar gayaunar albasa ko tafarnuwa ko shinkafa. Takin da za a kai fangali, buhunan da za a fitar bakin hanya, ƙasar gyaran katanga bayan damina, sharar farfajiyar makaranta, duk a kan taya ɗaya suke tafiya. Kuɗin baro kuwa ba ƙaramin giɓi yake yi wa albashin malamin firamare ba, saboda haka ba abin da za a saya sau biyu a shekara ba ne.

Abin mamaki, ma'aunin baro na ƙwarai yana cikin darasin da muke koyarwa a aji da bakinmu. Taya ita ce madogara, kaya na tsakiya, ƙarfi na ga hannu. Mu ɗauka daga tsakiyar taya zuwa mariƙi santimita 120 ne, aka aza buhu biyu na takin zamani, kilo 100 ke nan. Idan tsakiyar nauyin ta sauka santimita 40 daga taya, hannu na ɗaukar kimanin kilo 33, taya ta ɗauki saura. Idan ta ja baya zuwa santimita 60, hannu ya koma ɗaukar kilo 50. Kayan ba su ƙaru ba, kafaɗa ce ta ƙara shan wuya. Mutanen Sin na dauri sun gane wannan, har suka ƙera baro mai babbar taya a tsakiya, kaya dama da hagu, nauyin duka ya hau tayar. Mu dai abin da za mu duba a kasuwa shi ne bakin kwanon ya leƙo bisa taya, mariƙan kuma su yi tsawo. Baro mai gajerun mariƙai, wanda kwanonsa ya zauna can bayan taya, ko an shafe shi da fenti mai ɗaukar ido, ciwon baya ne aka saya da kuɗi.

Sai taya, kuma nan ne ƙasarmu ke da ta cewa. Iri biyu ake samu: mai iska da ta roba zalla. Mai iska tana da faɗi da taushi, tana bi bisa rairayi da lakar fadama ba ta nutse sosai ba, tana kuma shanye gargada, albasa ta isa bakin hanya ba ta ƙuje ba. Abokiyar gabarta ƙaya ce. Wanda hanyar gonarsa ta ratsa bagaruwa da aduwa zai san gidan mai faci fiye da gidan surukansa. Ta roba zalla ba ruwanta da ƙaya, ba ta neman famfo, amma a cikin yashi ko laka sai ta kafe, a ƙasa mai tauri kuma kowane dutse sai ya buga a wuyan hannu. A ganinmu, mai aikin fadama ya ɗauki mai iska, ya ajiye ɗan famfon keke. Baron makaranta kuwa, wanda hannu da yawa ke taɓawa kuma ba mai kula da iskarsa, ta roba zalla ta fi masa.

Kwano a danna shi da babban yatsa. In ya lotsa, a bar wa mai shago abinsa, araha ba ta ado. A kifar da baron a duba walda a inda ƙafafu suka haɗu da ƙarfen jiki, domin nan yake fara karyewa. A juya taya da hannu a saurara: in tana kuka ko tana rawa, boris ɗin ya mutu tun bai bar shago ba. A kuma tambaya ko akwai irin tayar da boris ɗin a Achida ko Goronyo, kada ƙaramin gyara ya zama tafiyar Sakkwato. Na maƙeranmu masu walda yakan fi na kanti nauyi, amma in ƙarfen mai kauri ne, wanda ya ƙera shi na nan kusa ranar da ya tsage.

Ɗebo ruwa kuwa aikin kura ne mai taya biyu. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, huɗu sun cika kilo 100, ga ruwa na tangaɗi. Taya ɗaya an yi ta ne don ƙunƙuntar hanya tsakanin fangali da fangali, inda kura ba ta shiga.

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba, tunda iyalanmu ma za su karanta wannan. Sau da yawa uba ke sayen baro, yaro ke tura shi. An auna tsayin mariƙan da babba, an cika kwanon da lodin babba, sannan aka miƙa wa ɗan shekara goma. Mukan gan su da safe a aji, sun kasa miƙe baya a kan benci, rubutu na karkacewa don hannu ya gaji. Idan yaro zai taimaka, a raba masa lodin gida biyu, ya yi sawu biyu, kuma bayan an tashi makaranta. Haka baron makaranta: na shara ne da lambu, kada a mai da ɗalibai leburorin ɗaukar bulo.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a nemi baro tun kaka, kafin a fara kai taki. Malamai biyu ko uku masu gonaki kusa da juna za su iya haɗa kuɗi, ko su sa shi cikin adashinsu, su sayi mai kauri guda ɗaya maimakon kowa ya sayi mai laushi. Bayan an ɗauki siminti ko takin zamani a wanke kwanon a ranar, domin gishirin taki na cin ƙarfe, siminti kuma in ya daskare sai da guduma. A jingine shi baki ƙasa, a inuwa, kada ruwa ya kwanta a ciki ko rana ta farfasa taya. A ɗiga wa boris baƙin mai lokaci-lokaci.

Wanda yake son a duba masa nasa, ya same mu bayan salla.